Zurfafa Karatun Sadarwa da Matsayin Hausa a Cikinsa: Misalin Dungas da Magarya

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci wani nauyi, domin harshen da aka ba irin wannan matsayi dole ne ya iya kai maganar hukuma, da ta likita, da ta malamin gona, har zuwa kunnen talaka ba tare da ta gurɓace a hanya ba. Hausa ta daɗe tana wannan aiki a rediyo da jaridu, amma abin da ya yi ƙaranci shi ne masanan da aka horar domin su auna ko saƙon yana isa yadda aka nufa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da zurfafa karatun sadarwa ya ƙunsa, da kuma nuna amfaninsa ta hanyar ɗaukar gundumomin Dungas da Magarya na jihar Damagaram a matsayin misali.

2. Koyon sana'a da zurfafa karatu

Ya kamata tun da farko a bambanta abubuwa biyu da ake yawan gwamutsawa. Na ɗaya shi ne koyon sana'ar jarida, wato yadda ake neman labari, a rubuta shi, a karanta shi a rediyo, ko a haɗa shiri. Na biyu shi ne zurfafa karatu, wanda ke farawa bayan digiri na farko. A tsarin da jami'o'in Nijar ke bi, digiri na farko shekara 3 ne, na biyu shekara 2, na uku kuma shekara 3. A matakai biyun ƙarshe ɗalibi yana koyon ra'ayoyin masana game da yadda saƙo ke tafiya cikin jama'a, da hanyoyin bincike, da dokoki da ladubban aikin, sannan ya rubuta kundi a kan wata matsala guda wadda ya bi diddiginta da kansa.

A taƙaice, ɗan jarida shiri yake haɗawa, shi kuwa mai zurfafa karatu tambaya yake yi: wa ya saurari shirin, a wane lokaci, me ya fahimta, me kuma ya aikata bayan ya ji? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce mai tsara yaƙi da jahilci yake buƙata kafin ya kashe kuɗin hukuma.

3. Inda ake yin karatun

A ƙasashen Afirka ta Yamma masu aiki da Faransanci, cibiyar CESTI ta Dakar, wadda aka kafa a 1965, ita ce ta yaye da yawa daga cikin ƴan jaridar farko. A Nijar an buɗe cibiyar horar da ma'aikatan watsa labarai a Yamai a 1977, wadda ta koma IFTIC a 1989. A Nijeriya kuwa, Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe sashen koyar da aikin jarida a 1978, kuma tana ba da digiri na biyu da na uku a wannan fanni. Ga ɗalibin da ya fito daga Dungas, Kano ta fi masa kusa da Yamai nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai matsala guda a duk waɗannan wurare. Harshen koyarwa Faransanci ne ko Ingilishi, alhali jama'ar da ɗalibin zai yi bincike a cikinsu da Hausa suke ji, da Hausa suke ba da amsa. Idan ya tsara tambayoyinsa da Faransanci, ya fassara su da ka a gaban manomi, ya sake mayar da amsar cikin Faransanci, to an yi fassara biyu waɗanda ba wanda ya tace su, kuma a kansu ne za a gina sakamakon kundin gaba ɗaya.

4. Abin da ya sa aka ɗauki Dungas

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya. Ta ƙunshi Dungas, da Dogo-Dogo, da Gushi, da Malawa. Yankin na cikin waɗanda suka fi cunkoson jama'a a Nijar, kuma yana kan iyaka da jihar Jigawa ta Nijeriya, inda mutanensa ke cin kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Saboda haka kunnen mutumin Dungas ya saba da Hausar rediyo iri uku: ta Muryar Sahel da sauran gidajen rediyon Nijar, da ta gidajen Nijeriya irin su Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, da ta gidajen ƙasashen waje, waɗanda BBC ta buɗe musu hanya a 1957. A ƴan shekarun nan kuma wayar hannu ta ƙara nata, musamman saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya buƙatar iya karatu.

Waɗannan Hausoshi ba ɗaya suke ba. Ta Nijar ta yi aro daga Faransanci, ta Nijeriya daga Ingilishi. Inda wannan ya ce lakwal, wancan makaranta zai ce. Inda wannan ya ce parmi, wancan lasisi zai ce. Kalmar likita a Nijar tana iya nufin gidan da ake jinya, a Kano kuwa mutumin da ke duba maras lafiya kaɗai take nufi. Lissafin kuɗi ya fi kowanne rikitarwa: a Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce, saboda haka jaka ɗaya dala 200 ce, wato faran 1000, alhali a Nijeriya jaka ɗaya naira 200 ce. Mai shela da ya faɗi kuɗin tiyar hatsi ko na buhun taki bai bayyana lissafin da yake bi ba, yana iya jawo wa manomi hasara.

5. Fagagen bincike

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin fagage uku da suka cancanci kundin digiri na biyu ko na uku.

Na farko shi ne auna fahimta. A ɗauki sanarwa guda ta rigakafi ko ta hasashen damina, a saurarar da maza da mata, manya da yara, a ƙauyuka dabam-dabam, sannan a nemi kowa ya maimaita ta da bakinsa. Kalmomin da aka kasa maimaitawa, ko aka juya ma'anarsu, su ne ke buƙatar gyara.

Na biyu shi ne dangantakar sauraro da karatu. Nijar ta fara yaƙi da jahilci a 1963, kuma ta tallafa masa da jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi, domin wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa kada ya manta. Abin tambaya yanzu shi ne ko saƙon murya yana rage wa mutane kwaɗayin koyon rubutu, ko kuwa buƙatar rubuta suna da lamba a waya tana ƙara shi. Dole ne wannan bincike ya haɗa da ajami, tun da almajirai da malamai da yawa a yankin da shi suke rubutu.

Na uku shi ne hanyoyin sadarwa na gargajiya: sanƙira, da mai shelar sarki, da maroƙi, da huɗubar Juma'a, da hirar kasuwa. Sau da yawa labarin rediyo ba ya zama gaskiya a wurin jama'a sai ya biyo ta bakin ɗaya daga cikin waɗannan.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Nijar. Ƙungiyar rediyo-kulob da aka kafa a 1962 takan tara masu sauraro su tattauna a kan shiri, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai domin a haɗa sabon shiri da su. Gidajen rediyon karkara, waɗanda aka fara da na Bankilare a 1999, sun gaji wannan ra'ayi. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi bincike mai ƙa'ida.

6. Shawarwari

Na ɗaya, a wajabta wa ɗalibin sadarwa darasin nahawun Hausa da ƙa'idojin rubutunta, kamar yadda aka shimfiɗa su a taron Bamako na 1966, aka kuma daidaita su tsakanin Nijar da Nijeriya a taron Yamai na 1980. Na biyu, a sa malamin harshe cikin masu duba kowane kundi da aka yi bincikensa da Hausa, kuma a liƙa tambayoyin da amsoshin da Hausarsu ta asali a ƙarshen kundin. Na uku, a tanadi keɓaɓɓun kalmomin fannin sadarwa, kamar yadda aka yi wa nazarin harshe da adabi a ƙamus ɗin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Na huɗu, a taƙaita sakamakon kowane bincike da Hausa, a miƙa shi ga ma'aikatan rediyo da malaman yaƙi da jahilci na yankin da aka yi aikin.

7. Kammalawa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ɗan Dungas ko ɗan Magarya da ya tashi yana ƙirga kuɗi da dala da naira ya riga ya san rabin matsalar tun kafin ya shiga aji. Idan aka ba shi hanyoyin bincike, aka kuma yarda ya yi aikinsa da harshen da jama'arsa ke ji, masu tsara yaƙi da jahilci za su sami hujjar da za su dogara da ita wajen zaɓen kalma, da lokacin shiri, da hanyar isar da saƙo.