Madarumfa: Inda hatsin agaji ke zurarewa kafin ya kai tukunya

Duk wanda ya san Madarumfa, garin da ke kudu da birnin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya san cewa mutanensa sun ɗanɗana bala'i iri biyu, wato na rashin ruwa da na yawansa. Idan mai karatu bai manta ba, fari da farin ɗango na shekarar 2004 ne suka haddasa yunwar 2005, wadda ta cika asibitocin jihar Maraɗi da yara masu tamowa. A daminar 2024 kuwa ambaliya ce ta hallaka mutane fiye da 300 a faɗin ƙasar, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Nijar tana da tsarin agaji da ya haɗa da ofishin OPVN mai kula da rumbunan hatsin gwamnati, da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, da kuma rabon kyauta. Sai dai tambayar ita ce, buhu nawa ne ke isa hannun mabuƙata?

Kafar farko da agaji ke zurarewa ita ce jerin sunaye. Idan aka rubuta shi a ɓoye, ana iya cusa 'yan uwa da 'yan kore, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a bar gwauruwar da ɗakinta ya rushe. Ta biyu ita ce hanya. A 2017 fadar shugaban Nijeriya da kanta ta bayyana cewa a cikin kowace mota 100 ta hatsi da ake turawa Arewa maso Gabas, fiye da 50 ake karkatarwa. Wannan darasi ne ga Madarumfa, domin daga Ɗan Isa zuwa Jibiya tafiyar ba ta da nisa, kuma buhun da aka sauya wa riga ba ya magana a kasuwa. Ta uku ita ce awo, inda ake rage tiya ɗaya daga kason kowane gida.

Akwai kuma illar ɓoye gaskiya. A watan Agustan 2005 Shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa ana yunwa, sannan a 2008 gwamnatinsa ta dakatar da aikin ƙungiyar likitoci ta MSF reshen Faransa a Maraɗi. Inda ba a yarda a ƙirga masu yunwa ba, wa zai ƙirga buhuna?

Maganin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A karanta sunaye a bainar jama'a a ƙofar mai gari, a gaban liman da mata. A sanar ta gidajen rediyo yawan buhunan da aka ba kowane ƙauye da kason kowane gida, kafin mota ta taso. A ƙirga kaya wajen lodi, a sake ƙirgawa wajen saukewa. Wanda ya rubuta sunaye kada ya zama shi ne mai rabo.

An kafa hukumar HALCIA a 2011, sannan COLDEFF a 2023, don farautar masu wawure dukiyar jama'a, amma kafin bincike ya kankama damina ta wuce, yaro ya rame. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, kuma idon jama'ar gari ya fi na mai bincike daga Yamai kusa da buhu.