Wane shiri za mu kama kuma? Zaɓen abin kallo a gidan Musulmi

Duk lokacin da wani shiri mai dogon zango ya ƙare, ko ya tafi hutu, tambaya ɗaya ce take zagaye gidaje: "To, yanzu kuma wanne za mu kama?" Ana jin ta a tsakar gida bayan sallar isha'i, ana jin ta a bakin ɗaliban Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, ana kuma jin ta a shagunan masu tura fina-finai a waya, daga cikin birni har Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu. Amsar da aka saba bayarwa ita ma tambaya ce: "Wane iri kake so? Na soyayya, na ban dariya, ko na yaƙi?" Daga nan sai a cika wa mutum waya gwargwadon abin da ya ce ransa yana so.

Babu laifi mutum ya san abin da yake so. Sai dai muna ganin akwai wata tambaya da ta riga wannan, wadda ba kasafai muke yi wa kanmu ba: wa ya koya mana son abin da muke so?

Da farko, ya kamata mu cire ƙunci daga maganar. Musulunci bai haramta nishaɗi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah (SAW) yana tsaye yana kāre ta, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. Haka nan a Muslim, lokacin da Hanzala ya ji tsoron munafunci saboda yakan shagala da iyali idan ya bar majalisin Annabi (SAW), an kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Abin lura a hadisin farko shi ne, maigida yana wurin, ya san abin da ake kallo, kuma kallon ya zo ƙarshe. Waɗannan abubuwa uku su ne suka fara ɓacewa a gidajenmu.

A da, kallo na jama'a ne. Waɗanda suka taso da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, ko wasannin marigayi Ƙasimu Yero a talabijin ta ƙasa, sun san cewa akwati ɗaya ne a gida, wani lokaci ma a unguwa, kuma shiri yana da ranarsa da lokacinsa. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta dawo da wannan al'ada da sabon salo ta hanyar Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. A 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja ɗimbin masu kallo, kallon ya koma YouTube, wato ya bar falo ya shige tafin hannu. Yau a gida ɗaya sai ka tarar da uwa tana kallon nata, 'ya tana kallon fassarar Indiya, ɗa yana kallon na Turkiyya, kowa da abin sautinsa a kunne, babu wanda ya san baƙon da ɗan uwansa ya sauka.

Mun ce baƙo, domin shiri mai dogon zango baƙo ne. A tsarin ginin Bahaushe, baƙo a zaure yake tsayawa, ya yi sallama, a san ko wane ne kafin a ce ya shigo. Fim na awa biyu baƙon yini ne, ya zo ya wuce. Amma shirin da za a bi shekara uku ko huɗu ya zama ɗan gida: ana ɗaukar salon maganarsa, ana ɗinka irin kayansa, ana auna miji ko mata da jaruminsa. Hadisin da ya kwatanta abokin zama na kirki da mai sayar da turare, mugun abokin zama kuma da mai zuga wutar maƙera, ya dace da shi sarai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A nan ne maganar "abin da nake so" take buƙatar taka-tsantsan. Manhajojin kallo suna lura da abin da mutum ya danna da tsawon lokacin da ya ɗauka a kansa, sai su jero masa makamantansa, kuma da wani ya ƙare wani ya fara ba tare da an nema ba. Ba su san alheri ba, ba su san sharri ba. Abin da suka sani shi ne abin da ya riƙe ido. Wanda ya tsaya sau biyu a kan rigimar kishiyoyi, gobe za a kawo masa goma, jibi sai ya ce ai shi irin wannan yake so. Gaskiyar magana, kiwon ra'ayinsa aka yi. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa, kuma ba za a karɓi uzurin cewa waya ce ta zaɓa masa ba.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Akwai kuwa. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Wannan hukunci ne a kan bin ƙa'ida, ba shaida ba ce cewa duk abin da ke cikinsu ɓarna ne. Kuma ko da hukuma ta yi iya ƙoƙarinta, ikonta bai kai ga shirin da aka yi a Indiya ko Koriya aka tura wa yaro a Kongolam ba. Mai tacewa na ƙarshe yana cikin gida, kuma hadisin da ya ce kowannenmu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa bai ware waya ba.

Akwai kuma tarkon da masu kyakkyawar niyya suke faɗawa, wato ɗaukar duk shirin da aka ce "na Musulunci ne" a matsayin karatu. Shirin Umar bin Khaɗɗab da tashar MBC ta nuna a azumin 2012 ya fito da fuskokin halifofi huɗu. Wasu malamai, irin su Yusuf Alƙardawi, sun duba rubutunsa, amma Azhar da hukumar fatawa ta Saudiyya sun ƙi amincewa da a siffanta manyan sahabbai. Shirin Annabi Yusuf (AS) da aka yi a Iran a 2008 kuwa ya sa ɗan wasa ya fito a matsayin Annabi, abin da jumhurun malamai suka hana. Shi ma Ertugrul, wanda talabijin ta Turkiyya ta nuna daga 2014 zuwa 2019, masana tarihi sun bayyana cewa abin da aka sani tabbas game da mutumin kaɗan ne, mafi yawan labarin ƙirƙira ce. Mutanen Daura, waɗanda suka tashi da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, suna kuma jin yadda malaman tarihi ke tattauna shi, ba baƙi ba ne ga bambancin labari da hujja. Kada ɗalibi ya ɗauko sira daga bakin ɗan wasa, ya bar littafi da malami.

Sai maganar lokaci. Ertugrul kashi 150 ne a asalinsa, kowanne kusan awa biyu, wato wajen awa 300. In muka ƙaddara mai karatu yana yin izu biyu a awa ɗaya, wannan lokaci ya ishe shi saukar Alƙur'ani sau goma. Ba mun kawo wannan lissafi don mu ce kowace awa sai ta zama ta tilawa ba, sai don ɗalibi ya san kuɗin abin da zai saya kafin ya taya. Lafiya da samun sarari su ne ni'imomi biyun da hadisin Bukhari ya ce mutane da yawa suna tafka asara a cikinsu.

To, yaya za mu zaɓa? Mu fara da abin da muke so ɗin, amma mu tambaye shi dalili. Wanda yake son labarin mulki da siyasa zai sami abin tunani a Kwana Casa'in, inda aka ƙirƙiri jihar Alfawa don nuna yadda cin hanci ke cinye al'umma. Wanda yake son rayuwar talaka ta yau da kullum, Daɗin Kowa ya taɓo almajirci da shaye-shaye da halin 'yan gudun hijira. Wanda yake son dariya, Gidan Badamasi ya yi wa kwaɗayin gādo ba'a. Ambaton waɗannan ba wanke su ba ne daga kowane aibi, domin zango yakan bambanta da zango. Saboda haka babba ya kalli kashi biyu ko uku kafin ya buɗe wa yara ƙofa, yana duba abu uku: shin shirin yana ƙawata saɓo ne ko yana nuna ƙarshensa? Shin za mu iya kallonsa tare da iyayenmu da 'ya'yanmu ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba? Shin in an kira salla za mu iya dakatar da shi?

Bayan haka, mu nemi shawarar mutum kafin ta na'ura, mutumin da muka yarda da tarbiyyarsa kuma ya kalli shirin. Mu kashe tsarin da ke sa wani kashi ya fara da kansa. Mu yanka wa kallo rana da lokaci, mu mayar da shi inda kowa ke gani, mu kuma tattauna abin da aka kalla, domin yaron da aka tambaya "me ka gani a halin wancan?" ya fara koyon tacewa da kansa. In kuwa shiri ya canza hali a tsakiyar tafiya, a rabu da shi, ko da an kai kashi na sittin. Son sanin ƙarshen labari ba hujja ba ce, kuma baƙon da ya fara ɓata tarbiyyar gida ba a jiran ya gama kwanakinsa.

Allah Ya tsare mana ji da gani da zukata, Ya sanya albarka a lokutanmu da zuriyarmu.