Ba Kowane Fitsarin Jini Ne Tsargiya Ba

Bahaushe yana da suna ga kusan kowace cuta, sai dai sau da yawa sunan kan rufe ƙofar bincike. Matashi ya ga jini a fitsarinsa, a ce tsargiya ce. Dattijo ya wayi gari da kumburi a wuya, a ce maƙoƙo ne. Galibi hakan ne, amma akwai lokacin da tushen duka biyun yana cikin ƙoda.

Sankarar ƙoda ta yi ƙaurin suna a wajen likitoci saboda yawonta. Ƙoda tana da yalwar jijiyoyin jini, don haka ƙwayoyin cutar kan bi jini su sauka a huhu, ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa. Wani lokaci kuma sukan ɓulla inda ba a zato: harshe, kogon hanci, fatar kai, ɗan yatsa, ko gaban wuya har a ɗauka maƙoƙo ne. An sha ganin haka shekara 10 ko 20 bayan an cire ƙodar, alhali mai ita ya daɗe da mantawa da tiyatar.

Akwai wani nau'i da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ya fi shafar mu. A shekarar 1995 Dakta Charles Davis da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wata sankara mai tasowa daga tsakiyar ƙoda, bayan sun yi nazarin mutum 34 'yan shekara 11 zuwa 39. Kusan duk masu kamuwa da ita jininsu AS ne, ta fi kama ƙodar dama, kuma kafin a gano ta yawanci ta riga ta bazu. A Nijeriya kuwa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne.

Kada mai karatu ya firgita, domin mafi rinjayen masu AS ba za su taɓa haɗuwa da ita ba. Abin da ya kamata shi ne, duk wanda aka ba maganin tsargiya jinin bai tsaya ba, ya nemi a ɗauki hoton ƙodarsa, ya kuma faɗa wa likita rukunin jininsa. Wanda aka taɓa cire wa ƙoda saboda sankara, ya ambaci hakan a duk asibitin da ya je, ko da ƙurji ne a harshe ya kai shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, haka ma da mugun suna gara a ce ba a sani ba, a je a bincika.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.