Abubuwan ban mamaki a taƙaice: Masu zane da wasiƙunsu

Yau kan masu zane muka faɗa, mu ji abin da suke rubutawa idan sun ajiye burushi.

Wani mai zane ɗan ƙasar Holan ya rasu a 1890 yana da shekara 37 kacal, amma ya bar wasiƙu sama da 800, kusan 650 daga ciki ƙanensa ya aika wa. An ce zumunci a ƙafa yake, shi dai nasa a alƙalami ya yi shi!

Ƙanen dillalin zane-zane ne a Paris, shi ke turo masa kuɗi a kai a kai. Wan kuma sai ya rattabo jerin launukan fentin da suka ƙare, har da adadin kowanne, kuma sau da yawa kuɗin abinci ma a fenti suke tafiya. Ciki na kuka, hoto na kyau!

Idan yana aikin sabon hoto, yakan zana ƙaraminsa a tsakiyar wasiƙa, wani lokaci har ya rubuta sunan launi a kowane gurbi: nan shuɗi, nan rawaya. Gani ya kori ji.

Wata shida bayan rasuwarsa ƙanen ma ya bi shi. Matar ƙanen ce ta tattara wasiƙun ta adana, ta fitar da su littafi a 1914, duniya ta ƙara sanin mutumin. Mace mai adana, sai godiya!

A Italiya kuwa, wani gwanin zane da sassaƙa ya rubuta cefanensa a bayan wata wasiƙa ta 1518, ya zana burodi da kifi da tulu kusa da sunayensu. An ce ɗan aikensa ne bai iya karatu ba. To, sai mu ga ta inda zai ce ya manta!

Gwanin nan ne ya shafe daga 1508 zuwa 1512 yana zana rufin wani ɗakin ibada a Roma, har ya rubuta wa abokinsa kukan ciwon wuya da fentin da ke ɗiga a fuskarsa. Masu fentin sili, ga ɗan'uwanku nan.

Mu dawo gida. Malamin zayyana yakan haɗa tawadarsa da kansa da gawayi da ƙaro, ya fere alƙalamin kara, kuma hannun da ya ƙawata allon sauka shi ke rubuta wa maƙwabta wasiƙar ajami. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu!

Ku lura da gingimarin da ke shigowa kasuwar Mafara ranar Talata: ga zanen zaki, ga na mikiya, ga addu'ar hanya, wani lokaci can ƙasa ga ɗan sunan mai zanen. Yana zaune a rumfarsa, sunansa na Legas!

Don Allah duk mai tsofaffin wasiƙun iyaye a cikin adaka, na boko ko na ajami, ya kakkaɓe su ya sa a leda, ya nisanta su da gara da damshi. Kada a miƙa wa mai ƙosai ta yi ƙunshi da su.