Yawon taɓo: yadda 'yan sikawut na Ingila ke gadon hanyoyin karkara

Hunturun Ingila jiƙaƙƙe ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa yana sauka a kai a kai, rana kuma ba ta da ƙarfin busar da ƙasa. A ƙarshen Disamba hasken yini a Landan bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga. Inda ƙasar ta yumɓu ce sai ruwan ya kwanta, kofaton shanu da tayar tarakta su kwaɓa shi ya zama caɓi mai riƙe ƙafa. A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyin 'yan sikawut na unguwanni da ƙauyuka suke kiran yara da iyayensu su fito yawon ƙafa a karkara, ranar Asabar ko Lahadi, ko washegarin Kirsimeti, ko ranar sabuwar shekara. Baƙo zai ɗauka neman wahala ne kawai. Ni kuwa ina ganin al'ada ce mai nauyi, domin ta wannan tafiya ce manya suke damƙa wa yara wani haƙƙi da kakanninsu suka sha wuya kafin su tabbatar da shi, wato haƙƙin talaka ya ratsa ƙasar da ba tasa ba.

Akan haɗu da hantsi a bakin zauren taron ƙauye ko wurin ajiye motoci. Kowane yaro yana sanye da rigar ruwa da dogon takalmin roba, a wuyansa kuma akwai ƙyalle mai launin ƙungiyarsu. Yaran rukuni-rukuni ne bisa shekaru: Beavers daga 6 zuwa 8, Cubs daga 8 zuwa 10 da rabi, sai manyan sikawut har zuwa 14. Shugabanninsu 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko sisi, da yawansu ma iyayen yaran ne. Kafin a tashi sai an ƙirga kawuna, a sa babba ɗaya a gaba, ɗaya a can ƙarshen layi wanda ba a yarda kowa ya koma bayansa ba. Tafiyar ba ta da tsawo, mil biyu ko uku ga ƙanana, amma tana cin lokaci, don kowane kududdufi sai an tsaya an faɗa cikinsa, kuma da wuya a gama ba tare da laka ta cire wa wani takalmi ta bar shi da safa ba. Abin lura shi ne taswira da kamfas a hannun yara suke. Su ne za su nemo koren layi mai ɗigo-ɗigo a taswirar hukumar Ordnance Survey, su gano kibiya mai ruwan ɗorawa a jikin turke, wadda ke nuna hanyar masu ƙafa, su bambanta ta da shuɗiya, wadda doki da keke ma suna bi. Uba yana biye da ɗansa ko da ya ga an kauce, sai yaron ya gane da kansa. A tsakiyar tafiya akan tsaya a buɗe filas na shayi ko cakulan mai zafi, a ƙarshe kowa ya cusa takalminsa a leda ya nufi gida.

Waɗannan kibiyoyi suna da tarihi. A Ingila da Wales akwai hanyoyin jama'a masu tsawon kusan mil 140,000, mafi yawansu sun ratsa gonaki da wuraren kiwo na masu zaman kansu. Ƙasar ta mai gona ce, amma ba shi da ikon rufe turbar, kuma idan ya yi huɗa a kanta doka ta ba shi kwana 14 ya gyara ta. Tuddai kuwa an daɗe ana hana talakawa hawa, saboda masu ƙasa sun keɓe su don harbin tsuntsaye. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Bayan shekara 17 aka yi dokar 1949 da ta wajabta wa hukumomin gundumomi rubuta hanyoyin jama'a a taswira, a 1951 yankin Peak District ya zama gandun ƙasa na farko, dokar 2000 kuma ta buɗe tuddai da yawa ga kowa.

To amma takarda ba ta sare ƙaya. Bisa doka hanyar jama'a ba ta mutuwa don an daina binta, sai dai a zahiri sarƙaƙiya tana cinye ta, matakin tsallake shinge ya ruɓe, wani ya sa wa ƙofa kwado, ba wanda ya kai ƙara saboda ba wanda ya gani. Duk wanda ya san yadda burtali ke ƙanƙancewa a ƙasar Hausa, ana cin kamu ɗaya daga gefensa kowace damina har ya ɓace, ya san wannan ciwo. A bazarar Ingila masu yawo ba sa yankewa. Hunturu ne lokacin da turba ta fi zama kango, shi ya sa ayarin yara da iyaye da ya bi ta a Janairu yake da amfani fiye da adadinsa, kuma yaron da ya taka ta yana ɗan shekara bakwai zai san da ita ranar da wani ya nemi toshe ta.

Manoma suna da ƙorafi, kuma gaskiya ne. Mutum yakan kauce wa taɓo ya taka gefe, na bayansa ya ƙara kaucewa, har siririyar turba ta faɗaɗa ta ci alkamar da aka shuka tun kaka. An ga wannan ƙarara a hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin kullen korona, da jama'a suka kwarara karkara. Ga kuma karnuka da ke firgita tumaki masu ciki. Sai dai maganin wannan ɓarna shi ne ainihin abin da ake koya wa yara a yawon: a bi ta tsakiyar laka kada a kewaye ta, a bar ƙofa yadda aka same ta, kare ya zauna a igiya kusa da dabbobi, kowa ya koma da shararsa. Wanda ya fi ɓata gona shi ne babban da ya zo da takalmin gari yana tsoron ya ɓaci. Batun haɗari ma ba a raina shi. A Maris 1964 wasu samari uku 'yan sikawut sun mutu da sanyi a gasar tafiya ta Four Inns a Peak District, abin da ya kai ga sake tsara aikin ceto a tuddan yankin. Saboda irin wannan haɗari ne ake da ƙa'idojin yawan manya ga yara da duba hasashen yanayi, kuma tafiyar iyali a ƙasa mai kwari, kusa da titi, a dawo kafin duhu, daban take da tsallaka tuddai.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na waɗanda ba sa cikin ayarin. Robert Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut da sansanin yara 20 a tsibirin Brownsea a 1907, hafsan mulkin mallaka ne, yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta kama Sarki Prempeh, kuma ba laifi ba ne idan jikokin waɗanda aka mallaka suka yi ɗari-ɗari da gadonsa. Rigar ruwa da takalmi da motar zuwa ƙauye duk kuɗi ne. Karkarar kanta ba kowa take yi wa maraba ba: da ƙungiyar Muslim Hikers ta hau tudun Mam Tor ranar Kirsimetin 2021, an bi hotunansu da zagin wariya a intanet. Ban ga wannan a matsayin hujjar barin al'adar ba, domin dokar da ta buɗe turba ba ta tambayi launi ko addinin mai tafiya ba. Tun 2007 kowane rukuni na sikawut a Birtaniya yana karɓar 'yan mata, akwai kuma ƙungiyoyin da Musulmi suke gudanarwa a birane irin su Birmingham da Landan, inda akan tsara fita yadda za a tsaya a yi azahar da la'asar, waɗanda a gajeren yinin Disamba suke zuwa kusa da juna ƙwarai.