Tanki ba ruwa, allo na nuna 4: ba lalacewa ya yi ba

Idan kana shirin zuwa horon sanin makamar aiki a kamfanin lemo, na fulawa ko wurin tace ruwa, akwai rubutun da za ka yi ta cin karo da shi a jikin na'urori: 4–20 mA. Ni aikin jarida nake karanta, amma tun da abokina ɗan sashen lantarki ya warware min shi, na ce sai na kawo maka.

Ɗauki tanki mai tsayin mita 10. Sensar da ke gindinsa tana auna nauyin ruwan, ta aika saƙo ɗakin kula ta wayoyi biyu kacal. Su ke kai mata wuta, yawanci bolt 24, su ke dawo da labari. Tanki wayam, miliam 4 ke gudana. Ya cika maƙil, 20. Ka ga 12, ruwa na rabi.

To me ya hana a fara daga sifili? Nan dabarar take. Da sifili ke nufin "ba ruwa", ranar da ɓera ya gwaigwaye waya, injin zai yi ta tura ruwa cikin tankin da ya riga ya cika. Amma da yake 4 ce ƙasa, da an ga sifili an san layi ya katse. Kuma da wannan 'yar wutar sensar ke rayuwa.

Wani abin burgewa, bolt na raguwa idan waya ta yi tsawo, amma kwararar wuta ɗaya ce ko'ina a zagayen.

Haɗin kamar sarƙa yake: daga + na wuta zuwa + na sensa, daga − ɗinta zuwa na'urar karatu, sannan a koma − na wuta. Nan sababbin hannu ke kwafsawa. Maltimitarka ma cikin sarƙar za ta shiga, sai ka kwance waya ɗaya. Ka ɗora ta kai tsaye kan bakunan bolt 24 tana kan mA, fiyus ɗinta ya tafi. In kuma na'urar bolt kawai take karantawa, rezista mai om 250 za ta mayar da saƙon bolt 1 zuwa 5.

Don Allah kafin ka kwance komai ka sanar da ɗakin kula. Su katsewa za su gani, kuma tana iya tsayar da inji ana tsaka da aiki.