Yadda Rumbun Bayanai Ke Taƙaita Abin da Kowane Ma'aikaci Zai Gani

Duk wanda ya cika takardar neman zakka ya danƙa wa Gidauniya abin da bai faɗa wa maƙwabcinsa ba: yawan iyalinsa, bashin da ke kansa, ciwon da ya kwantar da shi, da lambar asusunsa na banki. Waɗannan bayanai suna cikin rumbu guda a kwamfuta, tare da rajistar masu fitar da zakka da ta gidaje da gonakin waƙafi. Masu buɗe rumbun kuwa suna da yawa, tun daga jami'in tantancewa na ƙaramar hukuma har zuwa akanta da mai binciken kuɗi. Saboda haka masu bayarwa suna da haƙƙin sanin ko duk ma'aikacin da ya shiga yana ganin komai. Ba ya gani, kuma ga yadda abin yake.

Rumbun yana bin tsarin jadawali, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1970. Kowane mabuƙaci yana da layi guda, layin kuma an raba shi gurbi-gurbi: suna, ƙaramar hukuma, mazaɓa, da rukunin da ya faɗa cikin rukunoni takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Ba a buɗe jadawalin a karanta kamar littafi. Sai manhaja ta aika da tambaya cikin harshen kwamfuta da ake kira SQL, rumbun ya dawo da layukan da suka dace. A cikin tambayar ne ake saka sharaɗi, alal misali: kawo masu bashi, amma waɗanda ƙaramar hukumarsu ta yi daidai da ta ma'aikacin da ya yi tambayar kaɗai.

Muhimmin al'amari shi ne inda aka ajiye wannan sharaɗi. Akwai manhajojin da ke kwaso layuka duka zuwa wayar ma'aikaci, sa'annan su ɓoye waɗanda ba nasa ba daga fuskar allo. Wannan labule ne kawai, domin bayanan sun riga sun sauka a na'urarsa, kuma mai ɗan sanin kan kwamfuta zai iya yaye shi. Akwai kuma waɗanda ke rubuta sharaɗin a kowane shafi na manhaja. Wannan ya fi, sai dai ya dogara ga ƙwaƙwalwar ɗan'adam: idan mai rubuta manhajar ya manta da shi a shafi guda, kamar shafin fitar da rahoton wata, to ta nan komai zai tsiyaye. Hanyar da muka zaɓa ita ce a ɗaure sharaɗin a jikin jadawalin kansa, yadda rumbun zai liƙa shi ga kowace tambaya, ko ta ina ta fito. Kamfanin Oracle ya daɗe da wannan dabara, manhajar PostgreSQL ta samu nata a fitowa ta 9.5 cikin Janairun 2016, SQL Server na Microsoft ma a shekarar ya samu. Akwai tarko guda da ya kamata a sani: a PostgreSQL sharaɗin bai hawa kan babban mai kula da rumbu, haka ma mamallakin jadawali sai an tilasta shi. Don haka manhajar ma'aikata ba ta shiga da sunan ɗayansu.

Haka nan ana taƙaita gurabe. Akanta yana buƙatar suna da adadi da lambar asusu domin ya biya, amma babu ruwansa da cutar da ta sa aka nemi taimakon.

Sai batun fihirisa, wadda mutane da dama ke ɗauka ita ce makulli. Aikinta daidai yake da na fihirisar da ke ƙarshen manyan littattafan hadisi: tana nuna shafi, ba ta hana kowa karatu. Idan babu ita, rumbun sai ya bi layuka ɗaya bayan ɗaya yana duba wanne ne na ma'aikacin. Idan akwai ta, zai bi tsari mai rassa kamar bishiya, wanda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka wallafa a 1972. A ce kowane reshe yana ɗauke da nuni 100. Hawa uku kacal sun isa a kai ga layi guda cikin 1,000,000, domin 100 sau 100 sau 100 ke nan.

To, me ya haɗa sauri da tsare sirri? Abin da ya haɗa su shi ne halin ɗan'adam. Ma'aikacin da ke zaune a gaban dogon layin mutane ana gab da azumi, intanet tana yi tana yankewa, shafi kuma ya ƙi buɗewa, ba zai daɗe ba zai roƙi a kwafa masa jerin duka a Excel ya riƙa aiki da shi. Daga ranar da aka yi haka, sharaɗin da aka ɗaure ya tashi a banza. Shi ya sa gurbin da sharaɗin ke dubawa, wato ƙaramar hukuma, shi ne farkon wanda aka yi wa fihirisa, a haɗe da ranar rajista, kuma manhajar tana kawo layuka kaɗan-kaɗan a kowane shafi. Ba a yi wa kowane gurbi ba, domin fihirisa tana cin wuri, kuma duk sabon sunan da aka shigar sai an sabunta ta.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar da ke sa ido a kan wannan fanni, ta kuma lissafa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Rumbun yana gane suna da kalmar sirri ne, ba ya gane fuska. Idan ma'aikata biyu suka yi tarayya a kalma guda, kowannensu zai ga rabon ɗan'uwansa, kuma rajistar shiga ba za ta bambance su ba. Don haka kowa da tasa. Ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki ana gyara layinsa a jadawalin ma'aikata ranar da takardarsa ta fita, wanda ya bar aiki kuma a rufe nasa. Jerin sunayen da aka buga a takarda domin ranar rabo ana ƙirga shafukansa, a mayar da su ofis da zarar an tashi.